Kusurwa ta Huɗu a Akwatin Baba Aldo

Daminar bana ta cika shekara ashirin da uku da rasuwar Baba Aldo. Daminar da ya rasu irin ta birnin Bangi ce, ruwa ya wuni yana zuba, jar lakar unguwarmu ta Kilomita Biyar tana cire wa mutum takalmi. A shekarar kowa a tsaye yake kamar mai jiran mota. Ana ta cewa Faransawa sun kusa tafiya, ba wanda ya san me zai biyo baya, kowane gida yana auna abin da maƙwabta za su ce. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Bature ne ɗan Italiya, bakaniken manyan motocin 'yan kasuwarmu masu zuwa Cadi. A garinsu gola ne, mai tsaron raga, shekara goma sha wani abu yana yi kafin yaƙi ya kwaso shi ya zubar a Afirka. Yatsunsa duk a karkace suke, kowanne kuma zai gaya maka garin da aka karya shi. Ba mata, ba ɗa. In ya tashi daga gareji sai ya wuce filin da ke tsakaninmu da unguwar Yakite, ya juye buhun garin katako a bakin raga, ya koya wa samari faɗuwa. Wai wanda bai iya faɗuwa ba, ba zai iya tsayuwa ba. Hausarsa ba ta cika cokali ba, amma kalma ɗaya ya riƙe gam. Ya ce gola in ya fito kama ƙwallo ya daka tsawa: "Tawa!" Har 'yan unguwar Miskine masu yaren Sango da Hausa suke wannan ihun.

Gololi huɗu ya raina da hannunsa. Uku Kiristoci, na huɗun ɗana na fari, wanda muke kira Abba. Yana da shekara ashirin a lokacin. Ni ce mai wanke lakar rigarsa, ni ce mai gasa masa kafaɗa da ruwan zafi, kuma ban taɓa hana shi ba.

Da ciwon hanta ya kwantar da tsohon, sai ya tara su ya yi roƙo ɗaya. Ya ce ba shi da dangin da za su ɗauke shi, yana so hannuwan da ya koya wa riƙo su kai shi kabari. Akwatin gawa kusurwa huɗu, mutum huɗu. Abba ya gaya mini tun a ranar, na ce Allah ya ba shi lafiya, na kau da zancen.

Ranar da za a binne shi maigidana Alhaji Sani yana hanyar Cadi da goro, hukunci ya dawo kaina. Abba ya fito da farar riga, yana ɗaura takalmi. Ni kuwa ba abin da nake gani sai bakin mutane: ɗan gidan Alhaji Sani da akwatin Nasara a kafaɗa, har cikin coci.

"Inna, na yi masa alkawari."

"Wasu za su ɗauka."

"Mu huɗu ya ce, Inna. Ya ƙirga mu da yatsunsa."

Duk wanda ya san ni ya san ba ni da ɗaga murya. Ranar ma ban ɗaga ba. A hankali na ce, "In ka ƙetare ƙofar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Magana zarar bunu ce. Ya dube ni, ya zauna a kan turmi, ya kwance takalmin.

Wani leburan maƙabarta aka kira ya kama kusurwa ta huɗu. Ya fi sauran gajarta, aka ce akwatin a karkace ya tafi. Da la'asar kuma matar liman ta shigo ɗibar wuta, take gaya mini da masu ɗauke da gawar suka biyo ta bakin masallaci Malam da kansa ya miƙe tsaye, ya cire hula, har suka wuce. Ta ce, "Ina Abba? Malam ya yi ta dubawa bai gan shi ba." Ashe bakin da na ji wa tsoro ba wanda ya yi niyyar buɗe shi. Ni kaɗai na kafa kotun, ni na yanke hukunci.

Yau filin nan shaguna ne, babura na kai da kawo a inda ragar take. Gololi suna da safar hannu mai kauri kamar katifa. Da Baba Aldo zai gani, ina jin zai murza yatsun nan nasa ya yi dariya, sannan ya tambaya ko sun iya faɗuwa. Abba ne zai ba shi amsa, don shi ke koyar da su yanzu, da furfurarsa, da buhun garin katakonsa. Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai tun ranar bai ƙara ba ni labarin ƙwallo ba, ko an ci su, ko sun ci. A bakin jikokina nake ji.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malama ta tambaye mu me kowa ke son rubutawa. Wannan nake so, sai yanzu hannuna ya yarda. Mutumin bai bar gida ba, bai bar iri ba, kabarinsa ma ciyawa ta cinye. Amma har gobe in na ji yaro ya ce "Tawa!" a bayan katanga, na san alheri danƙo ne. Nasa ya manne. Nawa hakkin ma ya manne.

Washegarin binne shi na rasa gidan da zan je gaisuwar mutuwa, don ba shi da kowa. Sai na yafa mayafi na taka laka har Miskine da Yakite, na bi gidajen samarin nan uku, na gaishe da iyayensu mata da guntuwar Sangona. Da na dawo na tarar da Abba a ƙofar ɗakinsa. Na durƙusa gabansa yadda ake yi wa wanda ya rasa uba, na ce, "Ya haƙuri?"