Yafiyar da Baba Ya Kai Norway

Ranar Talata ce bayan la'asar, ina bakin aiki a ɗakin magani na wani asibiti a unguwar Ulaya da ke Riyad, wayata ta yi ƙara. Malam Isa ne, abokin Baba na kasuwar Al-Aziziya, mutumin da bai taɓa kirana ba sai dai ya aiko da gaisuwa. Bai tsaya doguwar sallama ba. Ya ce, "Safiya, sai haƙuri. Alhaji ya cika. Mun idar da salla, kowa ya tashi, shi bai tashi ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe kwalbar da ke hannuna na mayar da ita gurbinta, na ce wa abokiyar aikina zan fita.

Mahaifina, Alhaji Mamuda, direban motar sanyi ne, wadda a nan ake kira barrada. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana kwasar tumatir da albasa da lemo daga Al-Aziziya zuwa kantunan Riyad. Larabawan kasuwa Abu Safiya suke ce masa. Ba malami ba ne, ba kuma mai hannu da shuni ba. Amma ban taɓa jin ya matsa wa ɗan dako oda ba, ko da an tare masa hanya da amalanke. In kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kira yana ta "yalla, yalla", sai ya amsa da "abshir", wato an gama, ya ajiye waya, ya ci gaba da tuƙinsa yadda ya saba. Ni da na gaji saurin fushi daga wajen Umma, abin da ya fi yawan gaya mini shi ne, "Safiya, fushi ba ya nunar da tumatir, sai dai ya ruɓar da shi."

Baba Bagobiri ne, da tsagarsa daga gefen baki har kunne. A Riyad aka haife ni, a nan na yi makaranta, kuma ba zan ɓoye ba, ina ƙarama kunyar tsagar nan nake ji. Yara sukan tambaye ni ko zaki ne ya yage shi. Na taɓa roƙonsa ya daina zuwa ɗaukata. Sai ya riƙa tsayawa can nesa da ƙofar makaranta. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Abin da nake so a tuna shi da shi kuwa wata tafiya ce da muka yi ni da shi. Baba yana da kawu, Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyarsa. Tun kafin a haifi Baba, Ɗanjuma ya bar gona ana tsakiyar damina ya ce zai tafi Ikko. Uwarsa ta tsaya a bakin zaure ta ce in ya tafi kada ya dawo, kuma ba ta yafe ba. Ya tafi. Ya sami aiki a jirgin ruwan da ke kawo busasshen kifi, jirgin ya kai shi Norway, ya yi aure a can. Wasiƙa ɗaya ya taɓa aikowa, ba wanda ya ba shi amsa. Sai da tsohuwar ta zo gargara ta kama hannun 'yarta, wato kakata, ta ce, "A gaya wa Ɗanjuma na yafe masa duniya da lahira." Kakata ta riƙe maganar nan da ambulan wasiƙar har ta tsufa. Da ta zo aikin Hajji ta damƙa wa Baba su duka biyun, ta koma gida, ba ta ƙara shekara ba.

Shekara da shekaru ambulan ɗin yana cikin jakar da Baba ke ajiye iƙamarsa, wato takardar izinin zama. In Umma ta ce ai mutumin nan ya daɗe da zama ƙasa, sai ya ce, "Saƙo ba ya tsufa, ɗan aike ne ke tsufa." Da na girma na bi adireshin ta intanet, na gano Ɗanjuma ya rasu, amma ya bar 'ya ɗaya, Marit, a wani ƙaramin gari na bakin teku kusa da Bergen. Na rubuta mata. Amsarta gajera ce, ba yabo ba fallasa, amma ta aiko da takardar gayyata. Baba ya yi ta zarya wajen kafili har ya sami izinin fita da dawowa. Ni aka ɗauka tafinta, don Baba ban da Hausa da Larabcin kasuwa ba ya jin komai.

Tun a filin jirgi aka karɓe kilishin da ya yi wata guda yana tanadi. Dabino kawai ya tsira. Muka isa gidan ana yayyafi, gidan katako fari a gindin dutse. Marit ta buɗe ƙofa, doguwar mace mai furfura, ba za ka ce tana da jinin Hausa ba sai ka lura da hancinta. Ta dubi fuskar Baba ta yi tsaye kamar an dasa ta, sannan ta kau da kai. Na ce a raina, to, ga shi nan, ita ma tsagar ce ta ba ta tsoro. Ko zama ba mu yi ba ta tambayi ranar da za mu koma. Da yamma ta leƙo daga kicin ta ce, "Dankali nawa kowannenku zai ci?"

Na juya ga Baba na ce, "Wallahi ƙirga mana loma take. Mu tashi mu tafi otal."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Ce mata uku. Ke kuma ki zauna. In ka je gidan mutum, da mudunsa ake awo. Ai taubashiyata ce, 'yar kawuna, ko rowa ta yi mini ina da bakin ramawa."

Kwana biyu muka yi a haka. Baba bai ce uffan game da saƙon ba, don a tarbiyyarsa baƙon kirki ba ya sauke magana mai nauyi da ƙurar hanya a ƙafarsa. Sai ya huta, ya ci abincin gidan, an saba. Ya tashi da safe ya share ganyen ƙofar gida. Ya taya mijinta faskare. Ya ci cukunsu mai ruwan ƙasa da zaƙi-zaƙi, ya ce masha Allah, alhali na ga yadda ya haɗiye shi da ƙyar. Ita kuwa Marit kullum ƙara ɗaurewa take. Ashe a wajensu, mutumin da ya taso daga wata duniya ya kwana biyu a gidanka bai faɗi abin da ya kawo shi ba, akwai abin da yake ƙullawa.

Rana ta uku muna karin kumallo ta ajiye kofinta ta dube ni. Ta ce in tambaye shi me yake so. In gado ne, mahaifinta bai bar komai ba. In takardun zama ne, ba za ta iya ba. Ta ce mutanen da suka bar mahaifinta ya mutu yana cewa uwarsa ta tsine masa, ba ta ga abin da zai kawo su yanzu ba in ba buƙata ba.

Na ce wa Baba da Larabci, "Khalas, mu tafi, ba zan fassara wannan ba."

Ya ce, "Da Hausa za ki gaya mini, kuma yadda ta faɗa. Kada ki rage, kada ki ƙara gishiri."

Na gaya masa. Na zaci zai tashi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Tana da gaskiya. Mu ne da laifi, mun makara." Ya ciro ambulan ɗin ya ɗora a kan tebur. Ta gane rubutun mahaifinta tun kafin ta taɓa shi. Baba ya ce, "Gaya mata ban zo karɓar komai ba, kawowa na yi. Amma saƙon ba nata ba ne, na Kawu ne. Ta kai ni inda yake."

Maƙabartar tana kan tudu, ana hango teku. Baba ya cire takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya tsuguna, ya yi sallama kamar mai shiga zaure. Ya ce, "Kawu Ɗanjuma, ni ne Mamuda ɗan yayarka Hajo. Inna ta ce a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira. Ta faɗa da bakinta, da hankalinta, kafin ta cika. Ta ba Hajo, Hajo ta ba ni, ga shi na kawo. Ka yafe mana jinkiri." Ina fassara wa Marit. Marit ta ce in maimaita kalmar da Hausa. Na ce, "Na yafe." Ta faɗa sau biyu, sannan ta durƙusa kusa da Baba, ta ɗaga hannu ta shafa tsagar kumatunsa tana kuka. Ta ce tun ranar da aka rufe mahaifinta ba ta ƙara ganin wannan zane a fuskar kowa ba, sai da ta buɗe mana ƙofa. Tana ƙarama da yatsa take bin layukan tana ƙirgawa har barci ya ɗauke ta.

A wurin nan na ji kunyar kaina, kuma ban taɓa alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da mahaifina a ranar ba. Direban tumatir, wanda bai iya rubuta sunansa da boko sosai ba, ya ɗauko kalma ɗaya ya haye teku da ita ya sauke ta inda aka aike shi.

Da muka koma gida ta sauka ɗakin ƙasa ta fito da wani tsohon buzu da carbi da ya sha hannu. Ta ce can mahaifinta yake shiga ya rufe ƙofa, ba su san me yake yi ba. Baba ya rungume buzun ya yi ta hamdala. A kansa ya yi sallolinsa har muka taho. Daren ƙarshe ta dafa dankali tukunya guda ba ta tambayi kowa ba, shi kuma ya ce in gaya mata yanzu ta fara zama Bagobira.

Da aka dawo daga jana'izar Baba, Malam Isa ya tsaya a gaban jama'a ya roƙi duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Sai a lokacin na tuna ban sanar da Marit ba. Na shiga ɗaki na kira ta. Ta tambayi abin da ake yi wa mamaci a wajenmu. Na gaya mata abin da Malam Isa ya roƙa. Ta ce in kai wayar tsakiyar mutane in buɗe murya. Falonmu cike da matan Hausawan Riyad, Umma na tsakiya. Daga can bakin teku muka ji muryarta, da Hausar da ba ta da wata sai ita: "Mamuda, na yafe. Na yafe." Ta koma Turanci ta ce mini bai taɓa yi mata komai ba sai alheri, amma ba ta so ya jira kamar yadda mahaifinta ya jira.

Ya Allah, bawanka Mamuda ya riƙe amana ya kai ta inda aka ce. Ka karɓe shi da rahamarka, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka jiƙan Inna da Hajo da Kawu Ɗanjuma, ka haɗa su inda babu sauran rabuwa. Ka ba Umma haƙuri da dangana, ka rufa wa ƙannena asiri a wannan ƙasa ta baƙunta. Ka saka wa Marit da alheri, kada ka bar zumuncin da Baba ya ɗinke ya warware a hannunmu. Ni kuma, Baba, ka yafe mini ƙofar makaranta. Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.