Kan Burtun Alhaji a Gonar Katako

Ana idar da sallar asuba muka bar gidanmu na unguwar Ƙiblatain a Madina, mu uku: ni, da maigidana Alhaji, da mijin 'yarmu mai tuƙa mu. Farautar barewa za mu. Na san za ku ce me ya kai Hajiya daji, to ku yi haƙuri ku ji.

Alhaji mai harhaɗa magunguna ne, kuma duk zamansa a Madina bai taɓa kashe abin da ya fi sauro girma ba. Amma kakansa maharbi ne a ƙasar Kano, kuma ba ya zama majalisarsu ta unguwar Anbariyya bai faɗa ba. Wani abokin wasansa Bazazzagi ya gaji da ji, ya ce masa a gaban dattawa, "Jikan maharbi, ko zomo ne ka kawo mana mu shaida." Alhaji ya ce wane zomo, ranar Juma'a kowa ya zo gidansa cin naman barewar da ya harba da hannunsa. Magana ta riga ta fita. Ni ce zan dafa, don haka na ce gara in bi su in gani da idona.

A cikin haddin Haramin Madina ba a farauta, sai an yi nisa. Surukinmu haifaffen nan ne, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Shi ya nemo wani kamfani can hanyar arewa da ke shuka itatuwa don katako, sun kewaye filin da waya, sun zuba bareyi a ciki. Ka biya a ba ka tasrihi, wato takardar izini: mutum ɗaya, namijin barewa ɗaya mai alamar rawaya a kunne, daga hantsi zuwa azahar. Ka samu ko ba ka samu ba, kuɗi sun tafi. Na tambayi Alhaji nawa ya biya, ya ce in kalli duwatsu, suna da kyan gani.

Duwatsun kuwa baƙaƙe ne ƙirin, kamar an zubar da gawayi har iyakar gani. Titi sumul, ba rami ko ɗaya, sai allunan da ke gargaɗi a kan raƙuma. Mun tsaya a wani gidan mai muka karya da burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake. Shayin da nake sha riyal ɗaya a unguwarmu, a nan biyu ne, ga ganyen na'ana'a guda ɗaya tal yana yawo a ciki shi kaɗai abin tausayi.

A ƙofar gonar wani dattijo ɗan Sudan ya tarbe mu, shi ne jagora. Ya duba tasrihi a waya, ya ba Alhaji bindigar kamfani da harsashi uku. Wurin ya ba ni sha'awa. Itatuwa a jere kamar sahun sallah, kowanne da siririn tiyo a gindinsa yana ɗiga masa ruwa. Muka shiga da mota har wata inuwa, na shimfiɗa darduma.

A nan Alhaji ya buɗe jakar da ya hana kowa taɓawa tun daga gida. Kan burtu ne na kakansa. Ga waɗanda aka haifa a nan, burtu wani babban baƙin tsuntsu ne da ke kiwo a ƙasa tare da namun daji, ba sa tsoronsa. Maharban ƙasarmu sukan ɗaura kansa a goshi, su yafa baƙin zane, su sunkuya suna gyaɗa kai har su iso kusa da barewa. Alhaji ya ɗaura, ya ari baƙar abayata ta biyu ya yafa. Surukinmu ya ce, "Esh haza, ya Baba?" Wai mene ne wannan. Jagora ya fara cewa, "Ya Hajji, ba sai da..." Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya ce wannan gado ne. Ya juyo gare ni: "Hajiya, zauna nan. Kashe waya. Ko tari kada ki yi." Ya durƙusa ya kama rarrafe, su biyun suna binsa daga nesa.

Da na ga zama ya yi tsawo, na buɗe kwanon soyayyar gyaɗa. Murfin ya suɓuce ya yi ƙara. Ina ɗago kai sai ga bareyi suna fitowa daga cikin sahun itatuwa. Na ƙirga bakwai. Suka kewaye ni kamar 'yan biki, mai alamar rawayar ma shi ne a gaba, yana shinshinar mayafina. Can nesa ina hango Alhaji yana gyaɗa kai, ya nufi inda babu ko ƙadangare. An ce kada in yi tari. Na ɗaga mayafi ina kaɗawa, ya yi mini alama da hannu in sauke.

Da ya gaji ya juyo ya hango su, ya taho a hankali yana gyaɗa baki. Suna ganin baƙin abu mai dogon baki suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ya bi su da rarrafe. Yana ɓacewa suka zagayo suka dawo wurina. Sau biyu ana haka, gyaɗata ta yi rabi.

Gab da azahar ya iso, gwiwoyin wando sun yage, burtu ya karkace zuwa kunne. Na ce, "Alhaji, in yi magana?" Ya ce yi. Na ce, "Cire tsuntsun nan ka zauna." Sai a lokacin jagora ya samu damar ƙarasa maganarsa ta safe. Ashe kullum ma'aikata ke zuba musu abinci a bokiti, sun san mutum, sun san ƙarar kwano. Wannan tsuntsun ne ba su taɓa gani ba tunda aka haife su.

Na ƙwanƙwasa murfi. Suka dawo, mai rawaya ya sa kai cikin kwanon da ke tsakanina da Alhaji. Jagora ya duba agogo ya ce saura kwata, yalla, wato a hanzarta. Alhaji ya ja da baya ya ɗaga bindiga, mai rawayar ya biyo shi yana lasar gishirin gyaɗa a hannun rigarsa. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke. Ya ce, "Da kakana na nan da ya ƙwace bindigar nan. Wannan ai akuyar gida ce." Ya mayar da harsashi ukun cif.

Muka kama hanyar dawowa. Muka biya kasuwar tumaki aka sayi rago. Surukinmu ya ce da Larabci, in yaji ya ji ba wanda zai gane ba barewa ba ce. Na kwana biyu ina tunanin abin da Alhaji zai faɗa wa baƙinsa.

Ranar Juma'a falo ya cika, ina bayan labule ina miƙa tire. Bazazzagin ya ci ya suɗe yatsu, ya ce, "Lallai barewar Hijaz akwai kitse. Na janye maganata, jikan maharbi." Sai na ji muryar Alhaji: "Kada ka janye. Rago ne." Ya ba su labarin duka, har da abayata. An yi dariya har sai da aka nemo wa wani dattijo ruwa. Wani tsoho mutumin Nijar ya ce mahaifinsa ma ba ya harbin abin da ya ci a hannunsa. Bazazzagin dai ya naɗa shi Sarkin Burtun Madina, kuma sunan ya zauna.

Tafiyar nan ta koya mini cewa dabarar gida a gida take aiki, in ka je wurin mutane ka bar su su ƙarasa maganarsu. Na ga kuma maigidana ya zaɓi a yi masa dariya a kan gaskiya, wannan ya fi mini nama daɗi. Ni ma na ɗauki nawa darasin. Da na yi tarin nan tun hantsi, da yanzu ba na shafa wa bawan Allah man zafi a gwiwa safe da yamma.