Fitilun da Maigidana Ya Zaɓa

A shekarun nan kowace Asabar ni da maigidana mukan tashi daga Kafanchan mu je Fadan Kagoma, mu duba mahaifiyarsa da gonar cittarmu. Tsohuwa ba ta sakin mutum da wuri. Sai ta ga mun ci tuwo, ta yi mana doguwar addu'a, don haka kullum cikin duhu muke kamo hanyar gida.

Da damina ya fara ƙorafi a kan fitilun motar. Ya ce sun mutu, da su da babu duk ɗaya. Na yarda, domin motar ta tsufa. Wata Asabar muka faɗa wani rami da ƙarfi har buhun gyaɗa ya kife a but. Washegari bayan sujada ya ce ranar Litinin in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, in same shi wurin masu sayar da kayan mota.

Mai shagon ya jera mana ƙwayayen fitila a kan kanta. Akwai irin na da mai hasken ruwan ɗorawa, akwai fari, akwai kuma wani mai 'yar fanka a gindinsa. Wannan na ƙarshen ya jona da batir. Na kau da kai da sauri, na daɗe ina ganin kore-kore a idona. Maigidana kuwa bai ko ƙifta ba.

Ina kiransa yadda yaranmu ke kiransa. Na ce, "Dadi, wannan ba zai kashe wa masu tahowa ido ba?"

Ya ce, "Su ma ai nawa suke kashewa."

Mai shagon ya ce in aka saita shi ya kalli ƙasa, babu damuwa. A ranar aka ɗaura.

Asabar ta gaba, da ya kunna su a ƙofar gidan tsohuwa, har katangar makarantar firamare da ke can tsallaken fili ta fito tar. A hanya ina ganin kowane rami tun daga nesa, ina ganin idanun awakin da suka kwanta a gefen kwalta. Masu tahowa suna ta ƙyafta mana wuta don haushi. Hankalina ya fara kwanciya, sai na waiwaya na ga ya manna ƙirjinsa da sitiyari, ya miƙa wuya kamar mai leƙen rijiya.

Ya ce, "Wannan ma bai kai yadda suka faɗa ba."

A daidai lokacin akwai wata mata a gabanmu ɗauke da itace, tana tafiya a bakin hanya. Tun muna kan wata gada na hango ta daga nesa, har na gane zanen zumuntar matan coci ne a jikinta. Ina jira ya rage gudu ya kauce, bai rage ba.

Na ce, "Dadi, ga mutum."

Ya ce, "Ina?"

Na kama sitiyarin na ja shi gefe. Ƙarshen itacenta ya goge madubin ɓangarena. Ya taka birki, muka tsaya. Matar ta wuce tana faɗa, babu abin da ya same ta. Muka ƙarasa gida a hankali.

Makon nan duka ina lura da shi. Na ga a coci ba ya karanta littafin waƙoƙi, riƙe shi kawai yake yi, yana rerawa da ka. Na ga yana lalubar bakin kofi da yatsa kafin ya zuba shayi. Ranar Alhamis ya ce zai koma shagon a ba shi wanda ya fi ƙarfi. Na rasa ta inda zan fara, domin mutum ne da bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba.

Da yamma na same shi yana wanke motar a tsakar gida. Na ce, "Dadi, fitilun nan lafiyarsu ƙalau. Matar nan na gan ta tun muna kan gada."

Ya ci gaba da goge gilashi. Can ya ajiye tsumman ya ce, "Tun bara nake ganin kamar hayaƙi a idon hagu. Yanzu na dama ma ya fara. Haka Baba ya fara."

Mahaifinsa a makance ya rasu. Ban taɓa sanin wannan tsoron yake kwana da shi ba.

A asibitin ido likita ta ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma ana cirewa. Aka yi masa na hagu bayan girbi. Ina zaune a benci a waje ina ta karanta Zabura, ban fahimci layi ko ɗaya ba. Aikin ya yi kyau. Na dama har yanzu muna jira, sai sugan jininsa ya sauka, kuma kowane gwaji sai an ce mu dawo.

Tsohuwa ba ta sani ba tukuna. Ya hana ni gaya mata, wai hawan jininta zai tashi. Duk Asabar da muka miƙe da rana tsaka za mu tafi, don kada duhu ya same mu a hanya, sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko wani abu ta yi mana.