Da'irar Toka a Tsibiri

Jiya na kai jikata wasan kwaikwayon yara a wani sabon zaure a unguwar Zariya. Dandamalin ya fi yaran tsawo, ga fitilu barkatai, su kuwa sai hamma. Asarar siminti kawai!

Sai na tuna marigayi malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri. Shi da'ira yake zanawa da toka a ƙasa, yara su zauna kewaye. Da diraktan makaranta ya kawo katakan dandamali, tsaki malam ya ja: "Mushe dirakta, in ka ɗora kura can sama, wane yaro zai ji tsoronta?"

Ranar wasan ni ce kurar. Wutsiyata ta tsumma ta shafi ƙafar wata yarinya, ta kurma ihu, ta kwaɗa mini takalmi.

Allah ya haskaka kabarinsa.