Rigar da na ɗinka wa matacciya

Shekarun baya, ina ɗinki a wani shagon mata a unguwar Sharafiyya ta Jidda, sai uwar ɗakina ta shigo da wata 'yar Japan mai tsara tufafin 'yan fim. Fim ɗin aljanu suke yi, za su ɗauki wani yanki a bakin teku, kayansu kuma sun maƙale a hanya.

Riga ɗaya take so, ta matar da ta nutse ta dawo neman gidanta. Fara fat, hannuwa har ƙasa. Ta bakin tafinta ta kafa sharaɗi: kada almakashi ya taɓa yadin, yagawa za a yi, zaren kuma ba a ƙulle shi. Haka suke yi wa mamatansu.

Na je kasuwar Bab Makka sayen farin yadi. Da mai shagon ya ji awon, sai ya sassauta murya ya ce, "Allah ya jiƙan rai, Hajiya." Ni da nake cika bakin ba na tsoro, na biya na fito da sauri.

Abokiyar aikina, haifaffiyar Jidda, ta ce, "Wallahi Anti ba na taɓawa, halas!" Ni kuwa iƙamata, takardar zamana a ƙasar, na hannun uwar ɗakina, na zauna na ɗinka.

Ranar gwaji, da rana tsaka, babu wadda tsawonta ya dace sai ni. Baƙuwar ta naɗe min ƙirjin rigar a baibai, ta zubo min gashin kanti a fuska, ta ce in taka a hankali. Ina takawa kekunan ɗinki suka yi tsit. Na juya wajen madubi. Na san ni ce, amma na rantse wadda ke ciki ta riga ni ɗaga kai. Abokiyata ta kira ni har ta gaji, ni kuwa ina jin muryarta can nesa, kamar kunnena na cikin ruwa. Ita da ta rantse ba ta taɓawa, ita ta fizge rigar daga jikina tana ta'awizi.

Baƙuwar ta tafa hannu. Ta ce a finafinansu, kafin mutum ya yi magana tufafinsa sun faɗi ko rayayye ne.

Wataƙila zafi ne da yunwa, haka nake gaya wa kaina. Daga baya an turo min fim ɗin a waya. Na gane ɗinkina tun daga nesa, matacciyar tana tahowa daga teku. Na kashe kafin ta iso.