Allurar Ƙarfin Ƙanena

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta shekarar da ƙanena ya kusa hallaka kansa da allura ba, mutanen gidanmu kuma suna tafa masa.

Ɗan kokawa ne a Argungu. Da siriri ne, sai ga shi cikin 'yan watanni ƙirji ya buɗe, damatsa kamar an hura. Ashe wani mai kemis ne ke yi masa allurar gina jiki. Inna kuwa har guɗa take yi duk ranar da ya kayar da wani. Na zo daga Badariya, unguwarmu a Birnin Kebbi, na ce wannan jikin ba na tuwo ba ne, aka ce na zama 'yar birni, na raina abin gado.

Sai ya fara riƙe cikinsa ta gefen dama, idanunsa suka yi rawaya. Nan ne takaici ya kusa kashe ni. Gida kaf aka yanke cewa abokin karawarsa na garin Gulma ne ya yi masa sammu, aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Kawu kuma, saboda tsabar tausayi, ya je ya sa mai kemis ya ƙara yawan allurar, wai yaro ya samu ƙarfin yaƙar sammun!

Na ce, "Inna, ku ba ni shi in kai shi asibiti."

Ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi likita yas sani ga sammu? Allurag ga ita ka riƙe da shi."

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ban nemi izinin kowa ba, na sa shi a mota sai Birnin Kebbi. Hoto ya nuna ƙari a hantarsa, har ya fara zubar da jini ta ciki. Likita ya ce irin wannan allurar na jawo haka, wani ƙarin ma yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Aka yi masa aiki, Allah ya tashe shi, amma shi da kokawa har abada.

Kawu ya zo dubiya, ya ja likita gefe ya ce, "To yaushe za a koma mai allurar, shi maida jikinai?" Fita na yi, don kada in yi wa babba rashin kunya.

Tun daga nan, idan nawa ya kwanta, nakan fara tambayar me yake sha kafin in saurari wa ake zargi. Ƙanena ba maƙiyi ne ya kwantar da shi ba, masu sonsa ne.