Goggo Hajjo da Tsuntsayen Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a unguwar Ka'akiyya ta Makka bayan la'asar ya san inda zai tarar da Goggo Hajjo: gaban talabijin, da farantin kifi a cinya, tana kankarewa tana yi wa tsuntsaye faɗa. Tsuntsayen nan na ƙasar ƙanƙara masu tafiya a tsaye, waɗanda Larabawa ke ce wa biɗriƙ. Matar da ko fanka aka ƙara wa gudu sai ta nemi mayafi!

Ita ta riƙe mu, mu uku, bayan rasuwar iyayenmu. Aikin hajji ta zo ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, amma kullum sai ta fita kasuwa ta sayo kifin da take soyawa ta sayar. In aka kama ta aka mayar da ita Kano, ba mu da kowa. Mun san haka, ita ma ta sani.

Tambaya kuwa, Allah ya ba ta. Da ta ga biɗriƙ ta kai yake haɗiye kifi, sai da ta tsare mai kifi a kasuwa tana shafa sardin ɗinsa daga kai zuwa wutsiya, ta sake shafowa baya har ƙaya ta soke ta.

"Ya Hajja, za ki saya ko?"

"Tsaya, ya waladi, karatu nake."

Daga ranar muka shiga uku. Ka ce ƙaya ta maƙale maka, sai ta ce, "Ta wutsiya ka fara, shi ya sa."

Malam Sani maƙwabcinmu ma bai tsira ba. Ya shigo ana saura kaɗan a sha ruwa yana kukan azumi ya yi tsawo. Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Namijin biɗriƙ wata da watanni yake yi da ƙwai a kan ƙafa, ba sahur ba buɗa-baki, har matar ta dawo da abinci a ciki ta amayar wa ɗan. Kai fa, me ka ɗora a ƙafa? Silifa!"

Babban maƙiyinta shi ne wani ƙaton dabba mai dabbare-dabbare da ke laɓewa a bakin ƙanƙara, ta sa masa suna Karen Ruwa. In tsuntsayen suka yi cirko-cirko kowa na jiran wani ya fara faɗawa, sai ta ƙyalƙyale da dariya. "Wallahi mu ne a bakin titi ranar da ake duba takardu! Kowa na cewa Ladidi ta fara." Ladidi ƙawarta ce mai sayar da ƙosai.

Wata rana Karen Ruwa ya cafke wata uwa. Goggo ta miƙe da wuƙa a hannu. "Hagu! Yi hagu!"

Na ce, "Goggo, maimaici ne. Jiya ma ya kama ta."

"Jiya ya kama ta, yau kuma ta sake bi ta nan? Ba ta da hankali ne?"

Da ciwon ajalinta ya yi nauyi, na riga na girma ina aiki, ta ce in duba mata abu ɗaya a waya. In uwar ba ta dawo ba, akwai wadda ke ciyar da ɗan? Na duba, na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce galibi kowa nata take ciyarwa, maraya yunwa ke kashe shi, ko wani tsuntsu ya ɗauke.

Ta ce, "To mun fi su. Duk fitar da na yi, sai na biya na ce wa Ladidi, in ban dawo azahar ba, yaran naki ne."

Shekara da shekaru, ba mu taɓa sani ba. Na fita tsakar gida na yi kuka har na gaji.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Yadda kika dawo mana kullum da abinci a hannu, Allah ya sa ki tarar da naki yana jiranki.